Dillalan Admishan na Birnin Kebbi da Gusau: Me Kake Saya da Kuɗinka?

Da zarar JAMB ta saki sakamako, sai wata kasuwa ta buɗe wadda ba ta da rumfa kuma ba ta da allon talla. Wani lokaci a cikin kafe take ci, shago mai kwamfuta biyu, firinta ɗaya, injin manna leda a takarda, da ƙaramin janareta yana ta ƙugi a bakin ƙofa. Wani lokaci kuma lambar waya ce kawai da ake miƙa wa juna a wajen ɗaurin aure ko bayan sallar Juma'a, a ce maka "kira wannan, yana da mutum a ciki." Wannan sharhi ne a kan hidimar da waɗannan dillalai suke sayarwa a Kebbi da Zamfara, wato samar wa yaro gurbin likitanci, lauya, aikin jinya ko harhaɗa magunguna a manyan jami'o'i, ko gurbin makarantar soja ta NDA da ta 'yan sanda da ke Wudil, ko kuma fita waje. Ba shago ɗaya muke nufi ba, don hajar iri ɗaya ce daga Argungu har Talata Mafara, farashi ne kawai yake bambanta.

Idan aka baje hajar a faifai, iri uku ce. Akwai abin da kai ma za ka iya yi da kanka, akwai abin da babu mai iya yin sa ko da nawa ka biya, sannan akwai abin da yake yiwuwa yau amma ya fashe bayan shekara huɗu ko biyar. Dillali yakan cakuɗa ukun a farashi ɗaya, shi ya sa uban yaro ba ya gane wanne ya saya.

Mu fara da na halal, don ba kowane mai kafe ne macuci ba. Cibiyar CBT, wato wajen zana jarrabawa a kwamfuta, da JAMB ta amince da ita tana yin ayyukan da suka wajaba: rajistar jarrabawa, ɗaukar hoto da zanen yatsu goma, ɗora sakamakon WAEC, NECO ko NABTEB a shafin yaro, da canjin kwas ko makaranta. Wannan aiki ne mai kyau, kuɗinsa ƙayyadadde ne, kuma yana da amfani ƙwarai ga yaron da ya fito daga ƙauyen da ko sabis ɗin waya da ƙyar ake samu. Yara da yawa masu maki mai kyau sun rasa admishan saboda abu ɗaya tak: ba a ɗora sakamakonsu na sakandare ba. Yaro ya yi rajista yana jiran sakamako, sakamakon ya fito, ya manta bai koma an ɗora ba. Makaranta ba za ta iya tura sunansa ba ko da shi ne na ɗaya a jiha. Ma'aikacin da ya lura da wannan ya gyara ya ci kuɗinsa da guminsa. Inda cutar take shi ne a karɓi dubu ɗari a hannun Alhaji a ce za a "taɓa mutanen ciki", alhali abin da aka yi ɗora sakamako ne na minti goma. In suna ya fito, dillali ya ce aikinsa ne. In bai fito ba, ya ce an samu wanda ya fi ku biya.

Wannan shi ne asirin yawancin sana'ar. Dillali yana karɓar kuɗin yara ashirin, ba ya yin komai. Cikin ashirin ɗin, wasu dama makinsu ya kai, za su samu. Waɗanda suka samu su ne masu yi masa talla a shekara mai zuwa. Waɗanda ba su samu ba, wani a mayar masa da rabi, wani a ce ya jira jerin suna na biyu, na uku, har zango ya yi nisa. Kuma babu mai kai ƙara, don wanda ya ba da cin hanci ba ya son ya tsaya gaban ɗan sanda ya faɗi abin da ya biya kuɗin a kai.

Wanda ya san yadda ake raba gurbi ba zai yi saurin faɗa wa wannan tarko ba. Jarrabawar UTME, wato ta shiga jami'a da JAMB take shiryawa, maki 400 ce, darussa huɗu, Turanci dole. A jami'o'in tarayya ana raba gurabe kashi 45 cikin ɗari bisa cancanta, kashi 35 ga 'yan yankin da jami'ar take, kashi 20 ga jihohin da aka ɗauka suna baya a ilimin boko. Kebbi da Zamfara suna cikin waɗannan jihohi. Ma'ana yaron Zuru ko na Gummi da ya nemi Jami'ar Usmanu Danfodiyo ta Sakkwato, ko Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, ko ta Gusau, yana da ƙofa fiye da ɗaya ta halal tun kafin a yi maganar alfarma. Dillalai sun san wannan sarai. Sau da yawa haƙƙin yaron ne suke sayar wa ubansa.

Tun 2017 duk admishan na halal ta cikin manhajar JAMB mai suna CAPS yake bi. Jami'in admishan na makaranta ne yake gabatar da suna, shugaban makaranta ya amince, JAMB ta duba ta tabbatar, sannan yaro da kansa ya karɓa ko ya ƙi. Manhajar tana jera masu nema bisa maki, in aka tsallake mai maki sama aka ɗauki na ƙasa da shi a rukuni ɗaya sai an yi bayani. Ba mu ce ba a taɓa yin alfarma ba, kowa ya san mai uwa a gindin murhu ba ya cin tuwo gaya. Amma alfarmar da take aiki tana tsayawa ne a kan yaron da dama ya cika sharuɗɗa: kiredit biyar har da Turanci (da Lissafi a yawancin kwasa-kwasai), haɗin darussa daidai da kwas, da makin da ya kai iyakar da sashen ya sa. Yaron da ya ci 165 ba shi da kiredit a Kimiyyar Sinadarai, duk wanda ya ce zai sa shi a likitanci kifi yake sayar maka a ruwa. Likitanci ma yana da wani takunkumin, hukumar likitoci ta ƙasa MDCN ce take ƙayyade wa kowace jami'a adadin ɗaliban da za ta ɗauka, kuma jami'o'i da yawa suna son kiredit ɗin ya zama a zama ɗaya.

Haja ta biyu ita ce "ƙarin maki", kuma ita ce mafi muni a wajen yaudara, don babu ita kwata-kwata. Ana ce wa uba, "Baba, 178 ɗin nan za mu mayar da ita 265, kawo kaza." Bayan kwana biyu a kawo takarda fes, da tambarin JAMB, da hoton yaro, da sabon maki, an manna mata leda tana ƙyalli. Abin da aka yi shi ne an ɗauki takardar asali an canza lambobi a kwamfuta. Makin da ke cikin rumbun JAMB bai motsa ba, kuma makaranta ba takardar hannunka take dubawa ba, rumbun take dubawa. Wasu sun fi haka wayo, suna buɗe shafin intanet na bogi mai kama da na JAMB su ce ka shiga ka gani da idonka, ko su ajiye wata lamba a wayar yaron da sunan JAMB su turo saƙo daga can. Gwajin mai sauƙi ne. A ɗauki layin da yaro ya yi rajista da shi, a tura UTMERESULT zuwa 55019 ko 66019. Abin da ya dawo shi ne makinsa. A 2023 ƙasar nan ta ga ƙarshen irin wannan a fili, lokacin da wata ɗaliba daga Anambra ta fito da takarda mai maki 362 har aka fara yi mata kyaututtuka, daga baya ya tabbata 249 ta ci, aka soke sakamakon aka hana ta zana jarrabawar shekara uku. Maki 249 ya isa shiga kwasa-kwasai masu kyau. Takardar bogi ce ta cinye mata shi.

Maganar layin waya tana buƙatar a tsaya a kanta, don a nan ne ake yi wa iyaye da yawa sakiyar da ba ruwa. Tun 2021 ana buɗe shafin JAMB ne da lambar NIN, ta hanyar tura ta daga layin waya a samu lambar shaida. Wannan layin, da adireshin imel, da kalmar sirri, su ne makullin yaron har ya gama jami'a. Dillali yakan ce a bar masa komai, ya yi amfani da layinsa ko imel ɗin shagonsa. Daga ranar, saƙon JAMB wajensa yake zuwa. Shi zai fara ganin admishan ya fito, sai ya kira uban yaro ya ce, "Alhaji, an samu hanya, amma mutumin ya ce sai an cika dubu ɗari da hamsin kafin Juma'a." Ana biya, washegari ya ce an dace. Wani kuma yana iya danna karɓa a kan kwas ɗin da yaro ba ya so, ko makarantar da bai taɓa jin sunanta ba, kuma da an karɓa sauran ƙofofi sun rufe a wannan shekarar. Layi ya zama na yaron ko na mahaifinsa, a riƙa sa masa kuɗi kada kamfani ya rufe shi, a rubuta imel da kalmar sirri a takarda a ajiye inda ake ajiye takardun gona.

Haja ta uku ita ce mai haɗarin gaske, don tana aiki na ɗan lokaci. A nan ne ake samun sojan gona a ɗakin jarrabawa, da makarantun da ake kira mirakul santa inda ake rubuta amsa a allo, da sakamakon IJMB (karatun share fagen shiga jami'a) ko difloma na bogi don shiga aji biyu kai tsaye, da kuma admishan na bayan fage wanda wani ma'aikaci yake cusa suna a jerin sashe ba tare da CAPS ta sani ba.

Abin da ya kamata iyaye su sani shi ne wannan ba ciwon talaka ba ne, kuma ba na Najeriya kaɗai ba ne. Ranar 12 ga Maris 2019 masu gabatar da ƙara na gwamnatin Amurka a Boston suka tuhumi mutum 50, 33 daga cikinsu iyaye ne attajirai, a shari'ar da aka yi wa laƙabi da Varsity Blues. Dillalin shi ne William Rick Singer, mai kamfanin ba da shawarar shiga jami'a a Kalifoniya. Daga 2011 zuwa lokacin da aka kama shi, iyaye sun zuba masa kimanin dala miliyan 25 don shigar da 'ya'yansu jami'o'i irin su Yale, Stanford, Georgetown da Jami'ar Kudancin Kalifoniya. Shi da bakinsa ya ce ƙofa uku ce: ta gaba ita ce cancanta, ta baya ita ce attajiri ya ba jami'a gudummawa mai tsoka ba tare da tabbas ba, shi kuma ya buɗe ta gefe mai tabbas kuma mai rahusa.

Dabararsa biyu ce, kuma duk wanda ya san dillalanmu zai ga kamanninsu. Ta farko jarrabawa. Ana nemo wa yaro takardar likita cewa yana da matsalar koyo, a ba shi ƙarin lokaci da damar zana SAT ko ACT, jarrabawar shiga jami'a ta Amurka, shi kaɗai. Sai a ƙirƙiro dalilin tafiya, a mayar da shi ɗaya daga cibiyoyi biyu da Singer ya sayi masu kula da su, ɗaya a Houston, ɗaya a West Hollywood. A can wani gwani mai suna Mark Riddell yake zama a matsayin mai sa ido, ko ya faɗa wa yaro amsa, ko ya gyara takardar bayan yaron ya fita. Har yakan auna makin da ake so ya kawo shi daidai, kada ya yi yawan da za a yi shakka. Wasu yaran ba su ma san an yi ba. Iyaye suna biyan dala 15,000 zuwa 75,000 a kan wannan. Dabara ta biyu ita ce wasanni. Jami'o'in Amurka suna ba masu horar da 'yan wasa wasu gurabe su cike da waɗanda suke so. Singer ya sayi wasu masu horarwar, aka riƙa haɗa wa yara tarihin wasa na ƙarya, har da ɗora fuskar yaro a jikin hoton wani ɗan wasa. 'Yar fim Lori Loughlin da mijinta sun biya dala 500,000 aka shigar da 'ya'yansu mata biyu a matsayin 'yan tseren kwale-kwale, wasan da ba sa yi. Wani iyali daga Sin ya biya dala miliyan shida da rabi don Stanford. Kuɗin yana bi ne ta wata gidauniyar taimako da Singer ya kafa, a rubuta shi a matsayin sadaka.

Yadda abin ya fashe shi ne darasin da ya fi shafar mu. Ba jami'a ce ta gano ba, ba kuma wani yaro ne ya yi suɓul da baka ba. Wani ɗan kasuwa ne ake bincike a kan damfarar hannun jari, don ya samu sassauci sai ya ce mai horar da ƙungiyar ƙwallon mata ta Yale ya nemi cin hanci a hannunsa. Hukumar FBI ta naɗi maganar mai horarwar a ɗakin otal a Boston yana neman dala 450,000. Shi ya ambaci Singer. Allura ta tono garma. Singer kuma da ya ga ruwa ya ƙare wa ɗan kada, sai ya yarda ya riƙa kiran iyayen da suka yi hulɗa da shi ɗaya bayan ɗaya yana jan su da hira ana naɗa. 'Yar fim Felicity Huffman, wadda ta biya dala 15,000, ta samu hukuncin kwana 14 a kurkuku. Loughlin wata biyu, mijinta wata biyar. Singer kansa a Janairun 2023 aka yanke masa shekara uku da rabi. Yale da Stanford sun soke gurbin ɗaliban da abin ya shafa. Dillalin da ya riƙe sirrin iyaye shi ne ya zama babban mai shaida a kansu. Duk dillali yana ajiye lissafi, ko a littafi, ko a WhatsApp, ko a bayanan asusun banki, kuma ranar da aka damƙe shi a kan laifin wani daban, wayarsa ce za ta fara magana.

A nan gida ma dabarun sun fara kama da waɗancan. Tun da aka sa zanen yatsu, masu sojan gona suka koma haɗa yatsu: a ranar rajista a ɗauki wasu yatsun na yaro, wasu na wanda zai zana masa, a kuma haɗa fuskokin biyu a kwamfuta su zama hoto ɗaya. Kwamitin binciken da JAMB ta kafa a 2025 ya yi magana a kan wannan, har da masu ƙaryar cewa su zabiya ne don a sassauta musu tantancewa. Abin da dillali ba ya faɗa shi ne wannan hoton da waɗannan yatsun suna bin yaron har ƙarshe. Su za a duba a tantancewar makaranta, kuma hoton yana nan a rumbu ranar da za a tafi bautar ƙasa. Ga kuma dokar hana maguɗin jarrabawa ta 1999 da ta tanadi tara da ɗauri ga wanda ya zana da wanda aka zana wa. Sannan akwai Post-UTME, tantancewar da jami'a take yi da kanta bayan JAMB. Yaron da takardarsa ta ce 290 amma ya kasa amsa tambayoyin aji huɗu na sakandare ya tona wa kansa asiri. In ma ya tsallake, aji ɗaya na likitanci ba ya sanin ɗan wane ne kai, wanda bai kai makin wucewa ba sai a tura shi wani sashe ko a sallame shi.

Na shiga aji biyu kai tsaye ya fi saurin kamuwa yanzu. Shugaban JAMB na lokacin, Farfesa Ishaq Oloyede, ya taɓa bayyana cewa da Jami'ar Bayero ta Kano ta bi diddigin takardu 148 da masu neman irin wannan gurbi suka kawo, shida kaɗai aka samu na gaskiya. Tun daga nan ake tura sakamako ga makarantar da aka ce ita ta bayar kafin a ci gaba da komai.

Amma wanda ya fi sa mu baƙin ciki shi ne admishan na bayan fage, don yaron sau da yawa bai san an cuce shi ba. Ga yadda yake kasancewa. Uba ya sayar da buhunan shinkafar da ya noma a fadama, ya biya. An kawo takardar admishan, wani lokaci har da lambar ɗalibi. Yaro ya ɗauki akwatinsa da katifarsa ya tafi, yana shiga aji, yana rubuta jarrabawa, kowane zango ana tura masa kuɗin makaranta ta hannun "mutumin nan" wanda yake kawo rasit. Shekara huɗu ta cika, abokansa suna duba sunansu a jerin 'yan bautar ƙasa, shi ya duba jerin ɗaliban JAMB ya ga babu shi. Hukumar bautar ƙasa NYSC ba ta ɗaukar wanda sunansa ba ya wannan jeri. A wasu lokutan ma ofishin rajistara ba shi da fayil ɗinsa, kuɗin makarantar bai taɓa shiga asusun jami'a ba. JAMB ta taɓa buɗe ƙofar afuwa ga waɗanda makarantu suka ɗauka a ɓoye tsakanin 2017 da 2020, amma wannan na shekarun da suka wuce ne, ba abin da za a dogara da shi ba ne yau. Shekarun nan ba sa dawowa, kuma ga yarinya mace abin ya fi ciwo, don gida da yawa ba za su sake ba ta dama ta biyu ba.

Saura masu cewa za su fitar da yaro waje. Kebbi tana iyaka da Jamhuriyar Benin ta ɓangaren Bagudo, shi ya sa tallan digirin Kwatano ya daɗe yana yawo a nan. A Disambar 2023 ɗan jarida Umar Audu ya wallafa a jaridar Daily Nigerian yadda ya samu digiri daga wata makaranta a Kwatano cikin mako shida ba tare da ya shiga aji ba, har ya samu shiga bautar ƙasa da shi. A Janairun 2024 gwamnatin tarayya ta dakatar da tantance digirin Benin da Togo, abin ya shafi har waɗanda suka yi karatun gaskiya. Duk mai son tura ɗansa ƙetare ya fara tabbatar da matsayin makarantar a Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya, in likitanci ne ya tambayi MDCN ma. Game da Amurka da Ingila kuwa, manyan jami'o'i irin su Harvard, Yale da Oxford ba su da dillalin da suka ba gurbi ya sayar. Harvard ba ta ɗaukar ko biyar cikin ɗari na masu nema. Nema na Amurka yaro ne yake cikewa da kansa, yawanci ta shafin Common App, na Ingila ta shafin UCAS, kuma ofishin EducationUSA na jakadancin Amurka yana ba da shawara. Takardar I-20 ta Amurka da lambar CAS ta Ingila, waɗanda ake neman bizar karatu da su, daga makaranta suke fitowa kai tsaye, ana iya tabbatar da su ta hanyar rubuta wa ofishin admishan a adireshin da ke shafin jami'ar, ba wanda dillali ya ba ka ba. Ejan da ya ce zai rubuta wa yaro bayanin kansa, ya haɗa masa takardar banki, ya gyara sakamako, yana jawo masa haramcin biza ne na shekaru. A Kanada a 2023 ɗaruruwan ɗalibai 'yan Indiya sun fuskanci kora bayan an gano takardun admishan da ejan ya ba su tun shekarun baya na bogi ne, wasunsu har sun gama karatu sun fara aiki.

Hukuncinmu a kan wannan hidima a fili yake. Cibiyar CBT mai lasisi da take karɓar kuɗin aiki, ta ba ka rasit, ta bar yaro ya zauna kusa da allo yana ganin abin da ake shigarwa, muna yaba mata kuma muna ba da shawarar a je. Malamin da yake koyar da yara darussan UTME wata uku ko huɗu kafin jarrabawa, yana sa su gwaji a kwamfuta har hannunsu ya saba da linzami, shi ma kuɗinsa ba asara ba ne. Duk wanda ya yi alkawarin gurbi, ko ƙarin maki, ko ya ce a tura kuɗi asusun mutum, ko ya ce kada a faɗa wa kowa, ba mu ga wata hajarsa da ta kai ko kwabo ba.

Ga yaron da makinsa bai kai ba, hanyoyin halal suna nan kuma sun fi araha. Yana iya canza kwas zuwa wanda makinsa ya kai, ya duba ko makarantar ta yi masa tayin wani sashe a CAPS. Yana iya shiga kwalejin fasaha ta Waziri Umaru a Birnin Kebbi ko ta Ƙaura Namoda, ya yi difloma da sakamako mai kyau ya nemi aji biyu. Yana iya yin IJMB, wadda Jami'ar Ahmadu Bello take kula da ita, a cibiyar da aka amince da ita. Ko ya zauna ya sake shiri na shekara ɗaya. Jami'ar jiha da ke Aliero, da ta Talata Mafara, da ta aikin gona da ke Zuru, duk suna ɗaukar ɗalibai ta hanyar da kowa yake gani.

Wanda kuma ya riga ya biya, aka kawo masa takarda, kada ya ɗaura akwati tukuna. A sa yaro ya shiga shafinsa na JAMB da imel ɗinsa da kalmar sirrinsa, a kan wayar gida ba ta dillali ba, a duba CAPS: sunan makarantar da kwas ɗin su yi daidai da abin da ke takardar. A buga takardar admishan ta JAMB daga can, don ita daban ce da ta makaranta, kuma dole a samu duka biyun. Kuɗin karɓa da na makaranta a biya ta shafin jami'ar da lambar Remita ko wata hanyar da jami'ar ta sanar, mai ɗauke da sunan yaron, a ajiye rasit na asali. Bayan bikin rantsar da sababbin ɗalibai a duba jerin ɗaliban JAMB tun yaro yana aji ɗaya. In sunan bai fito ba, uba ya tafi ofishin rajistara da ƙafarsa, ya kuma je ofishin JAMB na jiha a Birnin Kebbi ko Gusau, riƙe da lambar rajista, da layin da aka yi rajistar da shi, da duk saƙonnin da suka shiga tsakaninsa da dillalin.